Sunan da Inna ta kasa faɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan gurup mai albarka, da fatan kowa ya wuni lafiya shi da iyalinsa. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, kada ka ji komai, na saba, uwar da ta haife ni ma ba ta taɓa faɗinsa a gabana ba. Sauran sunayen da za ku gani duk na sauya su. Shawararku nake roƙo don Allah, kuma ku taimaka ku ba ni ita kafin Talata, in kun karanta za ku gane dalili. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, karatuna na lakol bai yi nisa ba, kuma abin ya fi shekara goma yana cina a ciki, ban taɓa buɗe baki na gaya wa kowa ba.

Ni mutuniyar Gangara ce, amma yanzu a Cadawa nake zaune ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Mu biyu muka rage wa Innarmu, ni ce ɗiyar fari, sai autanmu Sahabi, na tsakiyarmu duk sun koma tun suna ƙanana. Babanmu Bahaushe ne manomi, Inna kuwa Bafillatana ce, daga ruga aka auro ta, har ta bar duniya Hausarta ba ta miƙe ba. Kun dai san kunyar ɗan fari, to ku haɗa ta da kunyar Fulani ku ga abin da na tashi a ciki. Inna ba ta kallona ido cikin ido, ba ta kiran sunana, ni dai "ke" ce, in kuma da wani take magana sai ta ce "waccan". Akwai wata mata a unguwarmu mai irin sunana, ita ma albarkacina ta rasa nata, "mai suna" Inna ke ce mata. Kada wani ya ce ba ta sona, wallahi tana sona. In ta dama fura ƙwaryata daban take, sai ta aje mini ita bisa katanga ta yi gaba kamar ba ita ba, in na sha na kai ƙasa in tarar da curin man shanu ta ɓoye mini. Sahabi kuwa ɗan auta ne, sunansa sau ɗari a wuni, da gemunsa yake kwanciya a cinyarta. Ga shi Allah Ya ba shi iya kwaikwayo, in ya ɗauki muryar Inna yana irin Hausarta sai ka waiga ka duba ko ita ce ta shigo, ita kanta dariya take har da ƙwalla tana jifansa da ludayi.

Babanmu ya riga ya rasu, ni ma mijina ya rasu, ina cikin wannan hali hawan jini ya buge Inna, ɓarin jikinta na dama ya shanye gaba ɗaya. Lokotoro ya ce a kai ta gida, abin da ya rage sai kulawa. Sahabi yana Maradi yana kabu-kabu da moto, ɗiyata Rabi kuma na aurar da ita nan Cadawa, don haka na tattara ɗan komatsaina na koma gidanmu. Wanda bai taɓa jinyar mutum kwance ba bai san komai ba, ku yarda da ni. Ni ce juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ni ce wanka, ni ce ɗaukar fitsari da bayan gida, ni ce wankin zannuwa sau biyu sau uku a rana har fatar hannuna ta saɓule, ni ce kunu cokali-cokali rabi a baki rabi a wuya. Sana'ata ta tsaya cak. Ko biki ko suna ba na zuwa, in na je rijiya ma da gudu nake dawowa. Shekara biyu muna haka, kuma duk sa'ar da zan yi mata wanka sai ta runtse ido har in gama, ba ta taɓa buɗe su ba. Ban taɓa gunaguni ba a lokacin, uwata ce, wa zan bar wa?

A shekarar da sojoji ke shirin miƙa mulki ga farar hula, lokacin da ko'ina ka duba hoton ɗan takara ne, motoci na yawo da lasifika suna hana mutane jin kiran salla, sai mai shela ya zagaya gari ya ce gwamnati ta kawo wani shiri, duk wanda ke jinyar ɗan uwansa kwance a gida za a rubuta shi, a riƙa ba shi ɗan abin sabulu da hatsi duk wata. Wallahi ranar har guɗa na yi ni kaɗai a tsakar gida. Ba don kuɗin kawai ba, na ji daɗi ashe wani a can sama ya san akwai irinmu, ya san abin da muke yi aiki ne.

Wata rana da hantsi mai rubutun ta iso gidanmu, wata Madam ce matashiya da takardunta da bik na rubutu a hannu. An yi dace ko in ce rashin dace, Sahabi yana gida, ya kawo wani mutum taron siyasa ya biyo ya gaida Inna. Maƙwabciyarmu Iya Tabawa, tsohuwa ce ƙawar Inna tun suna amare, ita ma ta shigo kallo. Ashe ƙa'idarsu ita ce marar lafiya shi zai faɗi sunan mai jinyarsa da bakinsa, wai a wasu garuruwa mutane na ta shiga layi da sunan jinyar da ba su yi ba. Madam ta durƙusa kusa da gadon ta ce, "Inna, wa ke kula da ke? Faɗa mini sunansa in rubuta." Ina tsaye bakin ƙofa da tasar ruwan wanka a hannuna, ban ko aje ta ba. Inna ta juya fuska ta kalli bango. Madam ta sake tambaya, shiru. Ta yi ta uku, shiru. Iya Tabawa ta ce, "Haba Madam, ga ta nan tsaye da tasa, ɗiyar fari ce, ai ko za ki kwana nan bakinta ba zai iya ba." Madam ta ce, "Iya na gane wallahi, amma ni ma aiko ni aka yi, in ban ji daga bakinta ba ba ni da ikon rubutawa, ga gidaje da yawa na jirana." Ta fara haɗa takardunta. Inna ta ga abin zai wuce mu gaba ɗaya, sai can ƙasa-ƙasa ta ce, "Sahabi." Madam ta rubuta, ta ba shi katin karɓar kuɗin. Kowa ya yi dariya, har da ni, don a ganinmu duk gida ɗaya ne. Sahabi ya ce, "Yaya kada ki damu, ni suna kawai na ba da aro, kuɗi naki ne."

Tsakani da Allah da farko bai ci amana ba, in ya karɓo yadda aka ba shi haka yake damƙa mini. Daga baya ne aka fara, Yaya wannan karon taya ce ta fashe, Yaya wancan karon jandarma ne suka kama moto. Raina ya ɓaci, amma ku yarda da ni ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Ranar biya a bainar jama'a ake kiran suna, a ce Sahabi mai jinyar mahaifiyarsa, ya taso da wankakkiyar rigarsa ya sa hannu, dattawa na dafa kafaɗarsa suna Allah Ya yi maka albarka, ɗa na gari ke nan. Ni kuwa a daidai lokacin ina bayan ɗaki ina wanke zane mai kashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Har wata mata ta tare ni a rijiya tana cewa ai mu mun dace da ƙane, sai na ce mata ƙwarai kuwa. Na je buronsu, wato ofishinsu, sau ɗaya na kai kuka, aka karɓe ni da mutunci, aka ce yanzu komai ya tsaya sai an gama zaɓe, amma akwai ranar da za a zagayo a duba marasa lafiya, ranar in Inna ta faɗi wani suna da bakinta za a sauya.

Na ƙirga kwanaki har ranar ta matso. Ana gobe za su zo, bayan la'asar, ina shafa mata mai a ƙafa, na yi abin da ban taɓa yi ba, na roƙe ta. Na ce Inna sau ɗaya dai, ba sai kin ɗaga murya ba, ko a kunnen mutumin ki raɗa, ni zan fita ma in ba ki wuri. Ta runtse ido, hawaye na gangarowa har cikin kunnenta, ta ce, "Ke, bar ni." Na ɗauka ta ji, na ɗauka gobe za ta daure. Washegari wani namiji ne ya zo, ga Sahabi ya iso tun da safe don dole sai mai kati yana nan. Mutumin ya ce, "Inna, har yanzu Sahabi ne ke kula da ke, ko akwai wani?" Jama'a, na ga leɓenta ya motsa. Na ga ta ɗaga harshe. Ta ɗago ido ta kalle ni, kallon da tun da nake ba ta taɓa yi mini ba, ido cikin ido, sai kuma ta sauke shi ta juya wa bango. Mutumin ya jira kaɗan, ya buga tambarinsa, ya yi mana sallama.

Ni dai Allah Ya yi ni da zuciya, kuma in ta taso bakina ba shi da linzami, wannan halina ne na sani. Da mutumin ya fita Sahabi ya raka shi, ya rage daga ni sai ita a ɗakin, na gaya mata maganganun da har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce mata tun da Sahabi kaɗai ta haifa ni kuwa tsinto ni aka yi, to Sahabin ya zo ya kwashe mata kashi da fitsari. Na ce wace irin kunya ce wannan da ba ta hana ni ganin tsiraicinta kullum ba, amma ta hana ta faɗin sunana sau ɗaya. Na faɗi wasu ma da ba zan iya rubutawa ba. Hannunta mai lafiya kawai ta sa ta jawo zane ta rufe fuska. Na ɗaure kayana a ɗankwali, na fito na ce wa Sahabi da Iya Tabawa an aiko Rabi ba ta da lafiya, ciki ne ke ba ta wahala, dole in je Cadawa in dubo ta. Ƙarya ce, Rabi lafiyarta lau. Na ce a raina kwana uku zan yi, mai kati ya ɗanɗana abin da ake biyansa a kai.

Kwana uku suka cika ban koma ba, fushin bai sauka ba. Rana ta biyar wani direban motar kasuwa da ya san mu ya biyo ta gidan Rabi ya ce Sahabi ya ce in zo, Inna ba ta cin abinci. Ga inda na kashe kaina, 'yan uwa. Maimakon in tashi, sai na tambaye shi wai ita ce ta ce a kira ni ko Sahabi ne, ya ce shi dai Sahabi ya ba shi saƙo. Na ce a raina fushi take yi, so take in dawo da rarrafe kamar kullum, to wannan karon ba zan motsa ba sai ta aiko da bakinta. Na ce masa ya ce ina nan tafe. Na zauna ina taya Rabi gyaran gyaɗa, ina ci ina sha. Rana ta tara da hantsi direban nan ya sake sallama, da na fito ya ƙi kallona, ya ce in ɗauko mayafina. Kafin mu isa Gangara har an dawo daga maƙabarta.

Da na shiga gida na ga mutane zazzaune, na ga gadon babu kowa an naɗe tabarma, sai hankalina ya gushe. Na hango Sahabi a rakuɓe gindin rumbu, na yi kansa a gaban kowa da kowa, maza da mata, na ce ya ci kuɗin jinyarta ya bar ta ta mutu da yunwa, na ce shekara biyu tana hannuna ba ta mutu ba sai kwana tara a hannunsa, na ce Allah Ya isa. Bai ɗago ba, kansa kawai ya riƙe da hannu biyu. Kun san maganar da aka yi a zaman makoki ba ta gogewa. Daga ranar duk garin haka suka ɗauke shi, wanda ya bar uwarsa da yunwa. Shi ma haka ya ɗauki kansa.

Bayan sadakar uku Iya Tabawa ta ja hannuna ta kai ni bayan ɗaki inda nake shanya zannuwan Inna, ta ce in zauna. Ta ce yaron nan Sahabi ba abin da bai yi ba, ya sayo madara, ya sayo nama ya sa an yi romo, ya durƙusa yana kuka yana roƙonta ta buɗe baki, ta ƙi. Ta ce ita da kanta ta tambayi Inna mi ya sa, Inna ta ce mata, "Tabawa, in na ci zai fita. In ya fita wa zai ɗauke? Ɗa namiji?" Iya ta ce mata to ni ba ga ni ba, ko da yake kaka ce muna gona, safe da yamma zan riƙa zuwa. Inna ta ce a'a, ba za ta buɗe wa kowa jikinta ba, waccan na nan tafe, jikarta ce ba lafiya, da ta samu sauƙi za ta zo. Kun ji, ƙaryata ta riƙe mini. Duk wanda ya shigo ya tambaye ni haka take gaya masa, ba ta taɓa cewa mun yi faɗa ba. Ruwa ma leɓe kawai take yarda a jiƙa mata, tana jirana.

Sannan Iya ta gaya mini abin da ya sa nake rubuta muku wannan. Ta ce kwana biyu na ƙarshe, da rana tsaka, Inna ta yi ta kiran sunana. Ba ke ba, ba waccan ba, sunana na yanka, da ƙarfi, matar da ko tari ba ta so a ji, har mata a rijiya suka aje guga suna saurare. Duk unguwarmu sun ji uwata ta kira sunana, ni kaɗai ce ban ji ba, ina Cadawa ina ɓare gyaɗa. Da za mu tashi Iya ta kalle ni ta ce, "Na ga Rabi jiya ta zo gaisuwa da ƙafarta, tubarkalla ba ta yi kama da wadda ta yi ciwo ba." Na gane ta gane, na gane jira take in je in wanke yaron nan a gaban mutane da bakina. Ban yi ba. Na ce sai bayan sadakar bakwai, na ce sai bayan arba'in, daga nan na tattara na dawo Cadawa gaba ɗaya. Iya Tabawa ta rasu da maganar a cikinta, Allah Ya jiƙanta, ta fi ni mutunci.

Tun daga nan ban sake zama daidai ba. Da rana tsaka, daidai lokacin da aka ce tana kiran, ina gaban kasko ina toya ƙuli-ƙuli sai in ji kamar an ja numfashi a bayana za a kira ni, in waiga ba kowa. Manya sun ce in ka ji kira ba ka ga mai kira ba kada ka amsa, ni kuwa wallahi so nake in amsa, amma kiran ba ya ƙarasowa, iyakar abin da kunnena ke ji shi ne ke. Na sha zama ni kaɗai ina gwada haɗa sunana da muryarta, ina cewa ko haka ta faɗe shi, ko ta ja ƙarshensa yadda Fulani ke yi, na kasa, don ban taɓa ji ba balle in tuna. In mutum ya ture kwanon abinci a gabana ya ce ya ƙoshi sai in tashi in bar wurin. Na sha rubutu, na yi sadaka, na yi azumi, na roƙi Allah gafara ba adadi, kuma na san Shi mai gafara ne, amma malamin da na tambaya a kaikaice ya ce haƙƙin mutum sai mutum ya yafe. Rabi ita ce tawa ɗiyar fari, da can ni ma ba na kiran sunanta, yanzu kuwa Rabi, Rabi, safe da yamma har surukanta na cewa uwar nan ba ta da kunya. Su faɗa, ba su san abin da na sani ba.

Ni da Sahabi kuwa sai gaisuwar salla ta bakin mutane. Na ji ya daina raha, ya daina kwaikwayon kowa. A Gangara ba wanda ya ba shi ɗiya, can wani gari ya auro, auren ma bai daɗe ba. Duk ina ji ina shiru. Wata biyu da suka wuce aka ce mini irin ciwon Inna ya buge shi, ɓari guda ya shanye, an dawo da shi gida, kuma a ɗakin Inna aka kwantar da shi don shi kaɗai ne rufinsa bai zube ba. Maƙwabta ke karɓa-karɓa da shi. Na aika da hatsi da mai, ƙafata ta ƙi zuwa.

Makon jiya saƙon murya ya shigo salulata daga lambar wani maƙwabcinmu. Muryar Sahabi ce, harshensa ya yi nauyi, sai da na saurara sau da yawa na tsince maganar. Ya ce, "Yaya, ki yafe mini. Na san ni na kashe Inna, ban iya ba ta abinci yadda kike ba ta ba, kuma na ci haƙƙinki. Ki yafe mini kafin in je in same ta." Ya ce an sake kawo irin shirin nan na masu jinya, ranar Laraba za su zo rubutu, in na yarda na zo shi ba kunyar ɗan fari tsakaninmu, zai faɗi sunana har na waje su ji. Sannan ya ce, "Kuma na riƙe miki yadda Inna ta kira ki. Ina kusa da ita, na ji da kyau. Kullum sai na maimaita shi a raina don kada ya ɓace mini. Ki zo in yi miki shi tun bakin nan na motsi." Mai salular ya ƙara da nasa a ƙarshe, ya ce in da hali in hanzarta, don kwanan nan Sahabi ya fara rage cin abinci, wai ba ya so ya riƙa wahalar da maƙwabta.

'Yan uwa, zuwa dai zan je, kayana na ɗaure, ba zan sake jiran saƙo na biyu ba, na yi wannan sau ɗaya na ga ƙarshensa. Ni na goye shi yana jariri, zan iya juya shi yana babba. Kuɗin shirin kuwa ko a rubuta ni ko kada a rubuta, wallahi bai dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni daban ne. Mutumin nan gafarata yake nema a kan laifin da ni na yi, na ɗora masa a gaban jama'a, ya ɗauka ya yi shekaru yana tafe da shi har ya kwanta. In na shiga na ce na yafe maka na yi shiru, zai ji sanyi, zai yi mini muryar Inna in ji abin da na fi shekara goma ina nema, amma na sake cutarsa ke nan, na karɓi wannan ma da ƙarya kamar yadda na karɓi ta'aziyyar mutane. In kuma na gaya masa gaskiya, cewa Rabi ba ta yi ciwo ba, cewa saƙonsa ya same ni rana ta biyar na zauna, cewa ba hannunsa Inna ta ƙi ba, maganata ce ta rufe mata baki, ina tsoron abu biyu. Ina tsoron jininsa ya hau in ƙarasa shi da bakina shi ma. Kuma ina tsoron ya juya wa bango kamar yadda ta juya, ya tafi da kiran nan, don duk duniya shi kaɗai ya rage da zai iya yi mini shi yadda ta yi.

Wata zuciyar na ce mini in bari ya fara yi mini kiran, daga baya in faɗa masa. Wata na ce mini wannan sata ce, wanda ya ji gaskiya shi ke da ikon ya ba ni ko ya hana ni. Wata kuma na cewa in tara maƙwabtan da suka ji Allah Ya isar da na yi masa in wanke shi a gabansu, tun da a gabansu na ɓata shi. Na san wasunku za su zage ni a komen, ku zaga, ba za ku faɗi abin da ban faɗa wa kaina ba, amma bayan zagin don Allah ku bar mini shawara, musamman malamai da waɗanda suka taɓa jinyar iyaye. In faɗa masa kafin ya kira ni da muryarta, ko bayan ya kira, ko in rufe bakina in yi jinyarsa har Allah Ya yi ikonSa? Motar Gangara da hantsi take tashi ranar Talata, kuma in na ɗaga labulen ɗakin nan dole ɗayanmu ya fara magana.